Digiri na Biyu Kan Ƙirƙirarriyar Basira a Fagen Hoto da Sauti: Me Ake Karantawa, Me Zai Tsinana wa Ɗan Kaduna?

Kwanakin baya ɗiyar yayata, wadda ta karanci aikin jarida kuma ba ta daɗe da kammala bautar ƙasa ba, ta zo gaishe ni da yamma. Bayan mun gaisa sai ta miƙo mini wayarta, na ga tallar wata jami'a ta Ingila da ke neman ɗalibai a digiri na biyu kan amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen shirya fim, kiɗa, zane da sauran ayyukan ƙirƙira da ake yi da kwamfuta. Ta ce, "Kawu, wannan karatun na 'yan kwamfuta ne ko namu ne na 'yan jarida? Kuma idan mutum ya sha wahala ya yi shi, ya dawo Kaduna, me zai yi da shi?" Na ce ta ba ni lokaci, domin tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye, kuma na san ba ita kaɗai ke yin ta ba. Akwai matasa da yawa a Tudun Wada, Kawo, Barnawa da Unguwar Rimi waɗanda ke cin abinci da kyamara da kwamfuta, suna kuma jin cewa sana'ar tana sauya kama a hannunsu.

Rikicewar ta samo asali ne daga sunan karatun, saboda ya haɗa fannoni biyu da a jami'o'inmu ba su saba zama a tsangaya ɗaya ba, wato kimiyyar kwamfuta a gefe guda, da fim, kiɗa, zane da aikin jarida a ɗaya gefen. Auren nasu bai daɗe da yin ƙarfi ba. A 2012 ne wasu masu bincike a Jami'ar Toronto ta Kanada suka nuna cewa na'ura za ta iya koyon gane abin da ke cikin hoto idan aka horar da ita da hotuna sama da miliyan ɗaya, a 2014 aka fito da dabarar da ke sa ta ƙirƙiro sabon hoto, sannan a 2017 masu bincike na Google suka wallafa tsarin da manyan manhajojin harshe na yau suka ginu a kansa. Shekarar 2022 ce ta fito da abin daga ɗakin bincike zuwa wayar kowa, lokacin da manhajojin zana hoto daga rubutu, wato Midjourney da Stable Diffusion, suka bayyana, ChatGPT kuma ya biyo baya a watan Nuwamba. Wasu cibiyoyin sun daɗe a wannan mahaɗa, kamar ɗakin binciken kafofin sadarwa na jami'ar MIT a Amurka da aka buɗe a 1985, da Goldsmiths da Queen Mary a Landan, waɗanda suka yi suna wajen haɗa lissafi da zane ko da kiɗa. Wasu kuwa sun shigo ne da kasuwa ta buɗe, kuma a cikinsu ba a rasa waɗanda tsohon kwas kawai suka yi wa sabon suna.

Galibi digirin kala biyu ne. Akwai na ɓangaren kimiyya, wanda ke son ɗalibi ya iya rubuta manhaja da harshen Python, ya kuma san aljabara, ƙididdiga da lissafin yiwuwa, domin zai buɗe cikin na'urar ya gyara ta. Akwai kuma na ɓangaren fasaha, wanda ke karɓar mai zane, mawaƙi ko mai shirya fim, ya koya masa rubuta manhaja gwargwadon buƙata, ya kuma auna shi da aikin da ya ƙirƙira tare da rubutaccen bayani kan yadda ya yi shi. A Birtaniya yawanci shekara ɗaya ake yi, a ƙasashen Turai da dama shekara biyu, kuma duka suna ƙarewa da kundin bincike ko babban aiki na ƙarshe. Ɗalibin jarida zai iya shiga na biyun, amma kada ya ɗauka cewa ya tsira daga lissafi, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Dalilin da ya sa lissafin ya zama dole yana bayyana ne idan aka duba yadda waɗannan na'urori ke aiki. Manhajar da ke zana hoto daga rubutu ana horar da ita ne ta hanyar ɗaukar hoto na gaske a riƙa zuba masa dishi-dishi, kaɗan-kaɗan, har ya koma kamar fuskar talabijin da ta rasa tasha, sannan a koya mata komawa da baya, mataki-mataki, har ta dawo da hoton. Idan ta maimaita wannan da miliyoyin hotuna, kowanne da rubutaccen bayaninsa, sai ta kai matsayin da za a ba ta dishi-dishi zalla tare da jimla ɗaya, ta fitar da hoton da babu shi a da. Manhajar harshe kuma aikinta hasashen gutsuren kalmar da ya fi dacewa ya biyo bayan waɗanda suka gabata. Babu ɗaya daga cikinsu da ta san abin da ba a ciyar da ita da shi ba, kuma abin da aka fi ba ta shi take ɗauka a matsayin daidai. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin karatun, ya kuma gane dalilin da ya sa na'urar ke tuntuɓe da ta iso ƙofar Hausa.

Na ga wannan tuntuɓe da idona a wani ɗan ƙaramin situdiyo a Tudun Wada, inda wani matashi ke haɗa tallar rediyo ta wani mai sayar da kayan masarufi. Mai karanta masa tallar bai zo ba, sai ya ce bari ya gwada muryar na'ura. Ya rubuta jimlar, ya danna, muryar ta fito garau, babu shaƙewa babu inda-inda, amma da ta zo kan "garin masara" sai ta furta shi kamar ana nufin wani gari mai suna Masara. Ya sake rubutawa, ya ƙara waƙafi, ya raba kalmar, duk a banza. Daga ƙarshe ya cire abin sauraro daga kunnensa ya ce mini, "Malam, ta iya karatu amma ba ta jin Hausa." Ya kira wani yaro da ke gyaran waya a shagon kusa, yaron ya karanta tallar sau biyu aka gama.

Abin da ya faru a ɗakin nan shi ne zuciyar al'amarin a wurina. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka kuka ta miya da kuka na hawaye, haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Bahaushe yana rarrabe su ba tare da ya yi tunani ba saboda ma'anar jimlar tana kansa, ita kuwa na'ura sai ta ji dubban misalai daga bakin masu harshen kafin ta kama. Ga kuma matsalar haruffa masu lanƙwasa: mafi yawan Hausar da ke intanet an rubuta ta ne ba tare da ƙ, ɗ da ɓ ba, don haka na'urar da ta koya daga Facebook ba ta da hanyar sanin bambancin ƙasa da kasa, ko ƙafa da kafa, sai ta hanyar zato. Idan aka ƙara da bambancin karin harshe tsakanin Zazzaganci, Kananci, Katsinanci da Sakkwatanci, da irin Hausar cikin garin Kaduna da ke gauraye da Turanci, za a ga cewa kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya zama kundin digiri na biyu mai zaman kansa.

Ba wai an bar Hausa gaba ɗaya ba ne. Google Translate ya sa ta tun 2013. Manhajar Whisper mai mayar da magana rubutu, wadda kamfanin OpenAI ya fitar a 2022, an horar da ita da sauti na awa 680,000, kuma Hausa na cikin harsunanta, sai dai kusan kashi biyu cikin uku na sautin Turanci ne, sauran harsunan duniya suka raba ragowar. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da tsarin murya na harsuna sama da 1,100, wanda ya dogara ƙwarai da faifan karatun Littafi Mai Tsarki, saboda shi ne sautin da aka fi samu a jere tare da rubutunsa a harsuna masu yawa. Muryar da ta koyi magana daga karatun littafi ko labaran rediyo ba za ta iya zolaya tsakanin kaka da jika ba, ba kuma za ta iya kirari ba, alhali fim da wasan kwaikwayo irin wannan maganar suke buƙata. Ƙungiyoyin masu bincike irin su Masakhane da HausaNLP, da shirin Common Voice na Mozilla inda kowa zai iya ba da gudummawar muryarsa, suna ƙoƙarin cike giɓin, kuma ɗalibin da ke tunanin wannan karatu ya kamata ya san su tun kafin ya cika takardar neman gurbi.

A nan ne nake ganin ɗan Kaduna yana zaune a kan dukiyar da bai cika lura da ita ba. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna ya fara aiki tun 1962, ya shafe sama da shekara sittin yana watsa wasan kwaikwayo, hira, wa'azi da waƙoƙin makaɗan fada da na noma. Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a gidan Sardauna, yana ajiye da rubuce-rubucen Larabci da na ajami, ga reshen Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a cikin gari, ga kuma Zariya inda aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Duk abin da ya tsira na faya-fayai da takardu a waɗannan wurare ba zai amfani na'ura ba sai an mayar da shi cikin kwamfuta, an tsabtace sautin, an rubuta abin da aka faɗa daidai da ƙa'ida, an kuma nemi izinin masu haƙƙi. Aiki ne mai cin rai wanda ba ya kawo suna da wuri, amma shi ne ainihin abin da ake koyarwa a darussan tattara bayanai da tantance su, kuma babu wani ɗalibi daga Landan ko Beijin da zai fi Bahaushe iya shi, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haka abin yake a ɓangaren hoto. Wanda ya nemi manhaja ta zana masa mahayin doki a hawan Sallah na Zazzau sau da yawa zai samu rawani irin na wata nahiya, ko babbar riga da aka yi wa ado da zanen da ba aska takwas ba, ba kuma wani ɗinki da maɗinkin Zariya zai gane ba. Gyaran wannan yana buƙatar mutum ya tara hotuna na gaskiya, ya yi wa kowanne bayani da sunayen abubuwan da ke ciki, ya sake horar da manhajar a kansu, sannan ya auna ko ta gyaru. Wannan ya kan tuna mini da ɗaliban zane na kwalejin Zariya, su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda a 1958 suka kafa ƙungiya suka ce za su karɓi dabarun zanen Turawa amma su zuba musu al'adun gida. Tambayar da suka fuskanta ita ce ta dawo yau, sai dai kayan aikin sun sauya.

Kwas mai inganci ba ya tsayawa kan fasaha, yana ware lokaci ga doka da haƙƙi, kuma wannan ɓangaren ya shafe mu fiye da yadda ake zato. A 2023 marubutan fim na Amurka sun yi yajin aiki na kusan wata biyar, 'yan wasa suka bi sahu, kuma amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen rubutu da kwaikwayon fuska da murya yana cikin manyan abubuwan da suka jawo rigimar. A watan Agustan shekarar wata kotu a Washington ta yanke cewa aikin da babu hannun ɗan Adam a ƙirƙirarsa ba shi da kariyar haƙƙin mallaka, a watan Disamba kuma jaridar New York Times ta kai OpenAI da Microsoft ƙara kan amfani da rubuce-rubucenta. A gida, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da dokar kare bayanan jama'a duk sun samu sa hannun shugaban ƙasa a 2023. Amma wa ke da muryar makaɗin da ya rasu shekara talatin da suka wuce, idan aka koya wa na'ura ita ta rera sabuwar waƙa? 'Ya'yansa ne, ko gidan rediyon da ya ɗauke ta, ko 'yan amshinsa? Muna buƙatar mutanen da suka san fasahar suka kuma san al'adar, su zauna da lauyoyi a warware irin wannan.

Akwai kuma abin da ya fi haƙƙin mallaka tayar mini da hankali. Duk wanda ya zauna a Kaduna a 2000 ko 2011 ya san abin da jita-jita ke iya yi wa garin nan cikin awa kaɗan. Yau ana iya kwaikwayon muryar malami, fasto ko basarake da ɗan gajeren faifai, a sa masa maganar da bai faɗa ba, a tura ta WhatsApp. Na'urorin gano muryar bogi su ma da bayanai ake horar da su, kuma wanda aka horar da Turanci ba lallai ya yi aiki da kyau a kan Hausa ba. Ɗalibin da ya mayar da hankalinsa kan gano sauti da bidiyon bogi a Hausa zai yi wa ɗakunan labarai da zaman lafiyar garin nan hidimar da ba ta misaltuwa.

Batun inda za a yi karatun kuwa, hanya biyu ce. A gida an fara shimfiɗa tushe: a 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta rarraba kwas ɗin aikin jarida zuwa fannoni da dama, ciki har da fim da kafofin zamani, a 2024 kuma Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, ta ware ƙirƙirarriyar basira a matsayin fanni mai zaman kansa a matakin babbar difloma. Ɗalibi zai iya neman digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta, aikin jarida, wasan kwaikwayo ko harsunan Afirka a Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Jihar Kaduna, ya karkatar da kundinsa zuwa wannan fage, ya kuma roƙi a haɗa masa masu duba aiki biyu daga sassa daban-daban. Mai babbar difloma yawanci sai ya bi ta diflomar gaba da digiri tukuna. Babban cikas a gida shi ne kayan aiki, domin horar da manhaja yana buƙatar kwamfuta mai katin sarrafa hoto irin na Nvidia, da wutar lantarki da intanet da ba sa yankewa, kodayake dandamali irin su Google Colab da Kaggle suna ba da aron ƙarfin na'ura kyauta gwargwado, wanda ya isa ƙaramin gwaji.

Fita waje kuma ta yi tsada ƙwarai tun da darajar naira ta faɗi a 2023, har ya zama da wuya iyali mai matsakaicin hali ya ɗauki nauyin shekara ɗaya a Birtaniya ba tare da tallafi ba. Tallafin Chevening yana buƙatar gogewar aiki ta shekara biyu, akwai na Commonwealth da Erasmus Mundus, kuma tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana mafi yawan ɗaliban digiri na biyu tafiya da iyalansu, abin da ya kamata mai aure ko matar aure su sani tun da wuri. Ba Turai kaɗai ba ce mafita. A Kigali ta Ruwanda akwai reshen Jami'ar Carnegie Mellon, a can ne kuma cibiyar nazarin lissafi ta Afirka mai suna AIMS ta fara digiri na biyu kan basirar na'ura a 2018, sannan a Abu Dabi akwai Jami'ar Mohamed bin Zayed da aka kafa a 2019 musamman domin wannan ilimi. Waɗannan sun fi karkata ga kimiyya, don haka mai zuwa daga fim ko jarida sai ya yi shiri sosai.

Shawarata ga mai zaɓen kwas ita ce ya bar hoton da ke kan talla ya nemi jerin darussan. Idan ya ga galibinsu koyon danna manhajojin da ke tashe ne, to ya riƙe kuɗinsa, domin waɗannan manhajoji suna sauyawa cikin watanni, kuma ana koyon su kyauta a YouTube. Ya duba ko akwai darasin koyon na'ura, da na sarrafa sauti ko hoto, da na hanyoyin bincike, ya duba ayyukan da ɗaliban baya suka yi, ya kuma rubuta wa malamin da yake so ya duba shi ya tambaye shi ko zai karɓi aiki a kan Hausa. Game da aiki bayan kammalawa, ba zan yi wa kowa alƙawarin kujera a ofis ba. Abin da nake gani shi ne buƙata a gidajen rediyo da talabijin, da masu fassara fina-finai da sa musu rubutu a ƙasa, da masu shirya darussan yara da zanen motsi, da hukumomin lafiya da noma masu son isar da saƙo da murya ga wanda bai iya karatu ba, da kamfanonin waje da ke neman masu tantance ingancin Hausar na'urorinsu. Wasu guraben sai mutum ya ƙirƙire su da kansa.

Da ɗiyar tawa ta dawo bayan mako biyu, na faɗa mata duk wannan, na kuma ce kada ta cika takardar bana. Mun yi yarjejeniya cewa za ta yi wata shida tana koyon Python da ƙididdiga da daddare, ta kuma haɗa ɗan ƙaramin aiki da za ta nuna wa kowace jami'a. Ita ta zaɓi aikin da kanta: za ta ɗauki muryar kakarta tana tatsuniya, da izininta, ta rubuta kowace jimla da haruffa masu lanƙwasa, ta ba manhajoji uku su mayar da sautin rubutu, ta ƙirga kurakuran kowacce ta kuma rarraba su gida-gida. Ta fara ranar Asabar da ta wuce a tsakar gidansu da ke Kawo. Tsohuwar ta ce ba a tatsuniya da rana, don haka sai da suka jira aka yi sallar isha'i, aka kashe janareton maƙwabta, sannan ta gyara zama a kan tabarma ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."